Katafila Da Janwe

A cikin injunan da ake aikin hanya da su, babu wanda yara suka fi sani kamar katafila. Ita ce ke ture tudu, ta cike kwari, ta tuge kututturen itace kamar ana cire ciyawa. Aikin da jama'a za su yi kwana da kwanaki suna fama da shi, ita sai ta gama shi a yini guda. Duk wanda ya ji rugugin tafiyarta, ya kuma ga ƙasa na girgiza, zai ce babu abin da ya isa ya tsai da ita. Amma kuwa akwai, watau laka. Da damina katafila takan kafe, ta yi ta gurnani, ta kasa gaba ta kasa baya. To, a ranar sai an nemo motar janwe, watau babbar motar nan da aka yi musamman domin janyo motocin da suka lalace ko suka kafe.

Asalinsu

Abin mamaki, saboda laka aka ƙago katafila tun farko. A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wata fadama mai albarka kusa da garin Stockton, amma ƙasarta tana da taushi ƙwarai. Manyan taraktocin wancan zamani, masu aiki da tururi, da sun shiga sai su nutse. A shekarar 1904 wani maƙerin injuna, sunansa Benjamin Holt, ya cire ƙafafun wata tarakta, ya sa mata sarƙoƙi masu faɗi waɗanda aka jera wa katako. Da aka gwada ta, sai ta bi ta kan fadamar nan ba ta nutse ba. Tafiyarta ta yi kama da ta tsutsar nan mai cin ganye, wadda Turawa ke kira Caterpillar, saboda haka aka laƙaba mata wannan suna. A shekarar 1925 aka kafa kamfani mai wannan suna, daga nan kuma Hausawa suka samo kalmar katafila.

Ita kuwa janwe, wani makaniki ne ya ƙago ta a garin Chattanooga, can Amurka, a shekarar 1916. Sunansa Ernest Holmes. Wata rana mota ta faɗa rafi, shi da waɗansu mutane suka yi sa'o'i masu yawa suna fama da igiyoyi da katako kafin su fid da ita. Wahalar da suka sha ita ta sa ya zauna ya yi tunani, ya kafa ƙarafa da injin ja a bayan wata mota, don ta riƙa yin wannan aiki.

Abin Da Ke Sa Ta Kafe

Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma a cikin rairayi ƙafar jaki ta fi nutsewa. Dalili kuwa tafin raƙumi yana da faɗi, nauyinsa yana bazuwa a kan ƙasa, shi kuwa kofaton jaki ɗan ƙarami ne. Haka sarƙar katafila take. Faɗinta da tsawonta su ke baza nauyin, shi ya sa take bin inda babbar mota ba ta iya bi.

Amma kowane abu yana da iyaka. Katafila matsakaiciya takan kai tan 20, watau nauyin buhun siminti 400 ke nan, manya kuma sukan ninka haka. Idan ruwa ya jiƙa ƙasa har can ciki, kamar yadda yake yi a watan Agusta, ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Wuri mafi haɗari shi ne inda sama ta bushe amma ƙarƙashi taɓo ne. Direba ya ga fili tas, ya shiga, sai ɓawon ya fashe. Akwai irin wannan ƙasa a fadamun ƙasar Hausa, akwai ta kuma da yawa a Barno wajen Tafkin Cadi, inda baƙar lakar nan da ake kira firki take. Da rani takan yi tauri ta tsage, da damina kuwa ta zama kamar danƙo.

Kuskuren da ke ƙara ɓata al'amari shi ne direba ya ji ta soma nutsewa, ya ƙara wuta. Sarƙoƙin sai su yi ta juyawa wuri ɗaya, suna haƙa wa kansu rami, har cikin katafilar ya zauna daram a kan laka. Da zarar haka ta faru, ƙafafunta ba su da sauran abin takawa. Saboda haka direba mai hankali, da ya ji ta kafe, sai ya tsaya. In ya ga ruwa na neman kai wa inda inji ke shaƙar iska, sai ya kashe shi nan da nan, gama in ruwa ya shiga cikin inji yana aiki, karya shi yake yi.

Laka kuma tana da wani hali. Duk yaron da ya taɓa shiga taɓo da takalmi ya san ƙafa takan fito ta bar takalmin a ciki. Lakar takan manne wa takalmin ta ko'ina, ta hana iska shiga ƙarƙashinsa, sai ya zama kamar ana tsotse shi. Haka take riƙe cikin katafila, sai dai wannan riƙon ya fi wancan sau dubu.

Lissafi Kafin Ja

Idan janwe ta iso, shugaban masu aikin ba ya fara da ɗaura waya. Sai ya kewaya katafilar tukuna, ya tambayi nauyinta, ya soka doguwar sanda a laka ya ga zurfinta. Masanan wannan aiki suna da wani lissafi mai sauƙi. In lakar ba ta rufe ƙafafun ba, ana bukatar ƙarfin ja daidai da nauyin injin. In ta rufe su, sai a ninka biyu. In kuwa ta kai mazaunin direba, sai a ninka uku. Watau katafila mai tan 20 wadda ƙafafunta suka nutse, janta kamar jan tan 40 ne.

Da wannan lissafi yake sanin irin wayar da za a sa, da ƙugiya, da sarƙa, domin kowaccensu tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, an kuwa rubuta shi a jikinta ko a takardarta. Wanda ya ɗaura ƙaramar waya ga babban nauyi, tarko ya haɗa wa kansa da abokan aikinsa.

Sa'an nan ya duba ta inda za a ja. Galibi ta baya ake janta, ta bi sawun da ta shigo, don ta riga ta buɗe hanya a nan, kuma an tabbata akwai ƙasa mai ƙarfi a wannan gefe.

Shiri

Yanzu sai lebura su shiga da shebur da diga. Su kwashe lakar da ta taru a bayan ƙafafun, su gyara wurin ya zama gangare mai sauƙi, don kada katafilar ta yi karo da bango. Su yi rami a gefe ruwa ya tsiyaye. Su kuma haƙa ƙarƙashin cikinta, iska ta sami hanyar shiga, riƙon lakar ya saki. Wani lokaci akan tura ruwa da famfo ta ƙarƙashinta, shi ma yana sa lakar ta saki. Daga nan sai a shimfiɗa manyan katakai da duwatsu a sawun, ƙafafun su sami abin takawa. Wannan aiki yakan ci rabin yini, amma kowane shebur ɗaya da aka kwashe rage wa waya nauyi ne.

Ita janwe ba ta matsowa kusa. In ta shiga lakar, an sami biyu ke nan maimakon ɗaya. Sai ta tsaya nesa a kan tudu ko kan titi, a ja birki, a sauke waɗansu ƙafafun ƙarfe da ke bayanta su kafu a ƙasa. Ba da tafiya take ja ba. A bayanta akwai wata gangar ƙarfe wadda inji ke juyawa, tana naɗe waya kamar yadda ake naɗe zare a kwarkwaro. Wayar nan ta ƙarfe ce, an tufka ta da silli masu yawa kamar igiyar rama. Akan jawo bakinta a ɗaura a wurin da maƙeran katafila suka tanada domin ja, ba kowane ƙarfe da hannu ya kai gare shi ba.

Dabarar Gare

To, a ce janwe tana iya jan tan 25 kaɗai, ga shi kuwa ana bukatar 40. Yaya za a yi? A nan ne dabara ke shigowa. Akwai wani gare na ƙarfe mai kauri, mai kwari a bakinsa, kamar garen keken nan da yara ke garawa da kara. Sai a ɗaura shi a jikin katafila, a zura waya ta cikin kwarinsa, a komo da bakinta baya a ɗaure ga wani abu mai ƙarfi. Ya zama waya biyu ke nan ke riƙe da katafilar.

Idan mutum biyu suka ɗauki buhu, kowa ya kama kunne ɗaya, rabin nauyin kowannensu ke ɗauka. Haka wayoyin nan biyu suke raba nauyin. Janwe ta ɗauki tan 20, abin da aka ɗaure wa ɗaya bakin ya ɗauki 20. Sai dai garen yakan cinye kaɗan daga ƙarfin wajen juyawa, saboda haka kullum akan bar rara a lissafi. Kuma ba a samun wannan ƙarfi kyauta. In ganga ta naɗe mita 2 na waya, mita 1 kaɗai katafila za ta matsa. An sami ƙarfi, an biya da lokaci.

Abin da za a ɗaure wa bakin wayar yakan zama wata katafila, ko gindin babban itace mai rai. In babu ko ɗaya, sai a haƙa rami mai zurfi, a kwantar da gungume a ciki, a ɗaura masa sarƙa, a binne. Ƙasar da ke gabansa ita za ta riƙe shi.

Lokacin Ja

Wannan shi ne lokaci mafi haɗari. Waya mai ɗauke da tan 20 in ta tsinke, takan dawo da gudu kamar bulala, tana iya kashe mutum nan take, ƙugiya kuma ta tashi kamar harsashi. Saboda haka kafin a fara, sai a kori 'yan kallo duka, su koma nesa fiye da tsawon wayar. Ba a tsayawa tsakanin janwe da katafila, ba a tsallake waya in ta miƙe, ba a kama ta da hannu sai da safar fata, domin sillinta da suka karye suna yanka. Akan kuma ɗora bargo mai nauyi a tsakiyarta, don in ta tsinke ya rage mata gudu. Yara su suka fi son kallon irin wannan aiki, su ne kuwa ya fi wajaba su tsaya can inda aka ce su tsaya.

Mutum ɗaya tak ke ba da umurni, da hannu kuwa yake bayarwa, don ƙarar injuna ba ta barin a ji magana. Ya tsaya inda direbobin biyu za su gan shi. Da ya ɗaga hannu, sai ganga ta soma juyawa a hankali, har waya ta miƙe. A dakata, a duba ƙugiyoyi daga nesa, kana a ci gaba. Ba a fizga, gama fizga ita ke tsinka waya. In injin katafilar yana da lafiya, direbanta ya taimaka, ya juya ƙafafunta sannu daidai da jan wayar.

Da fari kamar ba abin da ke motsi. Can sai a ji lakar ta yi wata ƙara, ta saki. Katafila ta matsa taki ɗaya, a tsaya, a ƙara katako, a sake ja. Da haka da haka har ta hau ƙasa mai ƙarfi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Bayan Ta Fito

Aiki bai ƙare ba tukuna. Sai a wanke lakar tun ba ta bushe ba, makaniki ya duba mai ya ga ko ruwa ya shiga. Man da ruwa ya shiga yakan yi fari kamar madara, dole a zubar a sa sabo. Wayar ma a wanke ta, a duba ta kamu kamu, a shafa mata mai, a naɗe.

Kafewar katafila hasara ce babba. Aiki ya tsaya, a biya kuɗin janwe, mutanen ƙauyen da ke jiran hanya su ƙara jira, amfanin gonarsu bai kai kasuwa ba, marar lafiyarsu bai kai asibiti ba. Don haka direban kirki, in ya zo wurin da bai amince da shi ba, yakan sauka ya taka da ƙafa, ya soka sanda, ya kuma tambayi manoman wurin, domin su suka san inda ruwa ke kwanciya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Daga ina Hausawa suka samo kalmar katafila?
2. Me ya sa ƙafar jaki ta fi ta raƙumi nutsewa a rairayi?
3. Katafila mai tan 15 ta nutse har mazaunin direba. Ƙarfin jan tan nawa ake bukata?
4. Wane amfani gare ke yi, da me kuma ake biyansa?
5. Kawo abubuwa uku da ba a yi lokacin da waya ta miƙe.