Foday Sankoh da Kujerar Sulhun Lome

A duk lokacin da yaƙin basasa ya yi tsawo har hukuma ta gaza murƙushe abokin gabarta, shi ma ya gaza kifar da ita, masu shiga tsakani sukan kawo shawarar a raba mulki, a ba madugun 'yan tawaye muƙami domin ya mayar da takobi kube. Babu inda aka jarraba wannan dabara ta fito da aibinta ƙarara kamar ƙasar Saliyo.

Shi Foday Sankoh, madugun 'yan tawayen ƙasar, tsohon kofur ne na soja, wanda daga baya ya yi sana'ar ɗaukar hoto, kana ya sami horo a Libiya. A watan Maris na 1991 ya ƙetaro daga Laberiya da dakarun ƙungiyarsa ta RUF, bisa taimakon Charles Taylor, madugun 'yan tawayen Laberiya a lokacin, yana da'awar zai kawar da zalunci da cin hanci, alhali kuwa abin da talakawa suka gani daga mutanensa shi ne ƙone garuruwa, da tilasta wa yara ɗaukar bindiga, da datse hannuwan manoma da adda. Lu'ulu'un gundumar Kono shi ne guzurin wannan fitina. An kama shi a Nijeriya a 1997, aka mayar da shi gida, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Oktoba na 1998.

To, sai al'amari ya juya. Ran 6 ga Janairu 1999 'yan tawaye suka auka wa Firitawun, babban birnin ƙasar, suka kashe dubban mutane kafin rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOMOG, wadda akasarinta sojojin Nijeriya ne, ta fatattake su. Ga shi kuma Nijeriya ta gaji da asarar rayuka da dukiya, tana shirin janye 'ya'yanta. Da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah na Saliyo ya ga ba shi da rundunar da zai dogara da ita, manyan ƙasashe kuma suna matsa masa lamba, ala tilas ya sa hannu a mu'ahadar Lome, a ƙasar Togo, ran 7 ga Yuli 1999. Aka yi wa Sankoh afuwa, aka ba ƙungiyarsa kujerun minista huɗu da na mataimakan minista huɗu, shi kuwa aka ba shi daraja daidai da ta mataimakin shugaban ƙasa tare da shugabancin hukumar ma'adinai. Wato dai an ba kura ajiyar nama.

Ba a zargin mai neman sulhu, domin maslahar tsare jinin jama'a babbar hujja ce. Amma a ganina illar ta zo ne daga gabatar da lada kafin aiki, tun da mutumin ya hau kujera alhali dakarunsa suna riƙe da makamansu da ramukan lu'ulu'u, babu abin da zai rasa in ya warware alkawari. Haka kuwa aka yi. A watan Mayu na 2000 mayaƙansa suka yi garkuwa da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kimanin 500, ran 8 ga watan kuma masu gadinsa suka buɗe wuta a kan jama'ar da ta yi zanga-zanga a ƙofar gidansa, suka kashe kusan mutum 20. Ya sulale ya ɓuya, aka cafke shi bayan 'yan kwanaki, sojojin Ingila kuma sun riga sun sauka a Firitawun.

Sai da aka karɓe makamai sannan aka yi shelar ƙarewar yaƙi a Janairu 2002. A zaɓen watan Mayu na shekarar, ɗan takarar jam'iyyar RUF bai kai kashi 2 cikin 100 na ƙuri'u ba, ba su kuma sami kujera ko ɗaya a majalisa ba. Sankoh ya rasu a tsare a watan Yuli na 2003, kafin kotun musamman kan laifuffukan yaƙin ta yanke masa hukunci.