Wa Zai Ci Gaba Da Kula Da Shi?

Duk wayar Android da ke hannunka, a ƙarƙashinta akwai kanel na Linux, wato zuciyar manhajar da ke raba wa kowane shiri ƙwaƙwalwa da lokaci da hanyar fita intanet. Abin da ke cikin kanel yana aiki ne da cikakken iko. In shirin kallon bidiyo ya lalace, sai a rufe shi a sake buɗewa. In kuskure ya auku a kanel, na'urar gaba ɗaya ce ke tsayawa, ko ɓarawo ya sami ƙofa.

Shi ya sa masu kula da Linux ke jan ƙafa duk lokacin da wani ya kawo sabuwar hanyar sadarwa da 'yan tsiraru kaɗai ke buƙata. Dalilin masu kawowa a fili yake: abin da ke cikin kanel ya fi sauri, domin ba sai an riƙa kai bayanai ana dawowa da su ba. Amma hatsarin kowa ke ɗaukarsa, har wanda bai taɓa jin sunan abin ba.

Hanyar sadarwar da ake kira DCCP ta isa misali. DCCP ya shiga Linux a 2005, an yi shi don sauti da bidiyo, amma bai karɓu ba. Ya yi ta zama a gefe, ba mai leƙa shi. A 2017 wani mai bincike, Andrey Konovalov, ya gano ɓaraka a cikinsa wadda ke ba mai amfani na gama-gari damar ƙwace ikon kwamfuta baki ɗaya, kuma ta shekara fiye da goma a wurin. Abin takaicin, a kwamfutoci da yawa ko ba ka amfani da DCCP, kiransa kawai ya isa kanel ya ɗora shi. Sai a 2025 aka cire shi. Shi ma DECnet, wani tsarin sadarwa tun zamanin kwamfutocin kamfanin DEC, an sallame shi a 2022.

A ganina tambayar ba ta amfani ba ce kawai. Ita ce wa zai tsaya wa abin da aka shigar bayan shekara goma. WireGuard, tsarin sadarwa na Jason Donenfeld, ya shiga kanel a 2020 ba tare da doguwar gardama a kan amfaninsa ba: layukansa kusan 4,000 ne, mutum ɗaya zai iya karance su, masu buƙatarsa kuma ba su ƙirguwa. Duk da haka akwai nau'insa da ke aiki a wajen kanel, wanda wayoyi da yawa ke amfani da shi, ya ɗan fi nawa amma yana biyan buƙata.