Ƙaramin gidan rediyo: kayansa da kuɗinsa

Ƴan'uwa mutanen Dogo da kewaye, kowa ya san amfanin rediyo. Manomi na saurare a gona, mai rake na saurare a garka, mata na saurare a tsakar gida. Amma mi ke cikin ɗakin da murya ke fitowa? Kuma wane kuɗi ake kashewa? Ga bayani.

Abin ba sabo ba ne a ƙasarmu. Tun shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob ta Nijar, don a ji muryar mutanen karkara. A shekarar 1999 aka buɗe gidan rediyon karkara na farko a Bankilare, cikin jihar Tilaberi. Da hasken rana aka tada shi. Yau irinsa sun fi 100 a Nijar.

Kayan aiki

1. Abin magana, wato mikoro. Biyu sun isa: na mai gabatarwa da na baƙo.
2. Akwatin haɗa murya. Shi ke gama magana da kiɗi, ya daidaita ƙarfinsu.
3. Kwamfuta. Ita ke ajiye shirye-shirye.
4. Injin watsa murya. Shi ne zuciyar gidan. Yana aiki a kan zangon FM, tsakanin lamba 87,5 da 108.
5. Eriya da dogon ƙarfen da ke ɗauke da ita.
6. Farantan hasken rana da batura.
7. Ƙarfen kare aradu, wanda ake binne gindinsa cikin ƙasa.

Ku riƙe wannan: muryar FM miƙe take tafiya, kamar hasken tocila. Tudu na tare ta. Saboda haka tsawon ƙarfe ya fi ƙarfin inji muhimmanci. A ƙasa shimfiɗaɗɗa, ƙaramin inji da dogon ƙarfe na iya kai murya kilomita 20.

Yadda yake aiki shi kaɗai

Mai gabatarwa ba sai ya wuni a ɗaki ba. Da safe sai ya ɗauki maganar malamin gona, da ta ungozoma, da sanarwar biki ko cigiyar dabba. Sai ya jera su cikin kwamfuta, kowace da lokacinta. In lokaci ya yi, kwamfuta ta sake su da kanta. Shi kuwa ya tafi gonarsa. Akwai tsarin kwamfuta na wannan aiki da ake samu kyauta, kamar RadioDJ.

Amma kwamfuta ba ta da hankali. Abin da aka ba ta shi take maimaitawa. In ba a canza ba, sai ta yi ta cigiyar akuyar da aka gani tun makon jiya.

Kuɗi iri biyu ne

Na farko, kuɗin saye. Sau ɗaya ake biyan shi. Ga mai son abin don sha'awa, mikoro da tsohuwar kwamfuta ba su da tsada sosai. Masu nauyi su ne dogon ƙarfe, da inji, da wutar rana. A nemi farashi wajen ƴan kasuwa biyu ko uku a Damagaram, a rubuce, kafin a biya.

Na biyu, kuɗin riƙo. Shi ne ba ya ƙarewa. Batura na mutuwa bayan ƴan shekaru. Ƙurar hunturu na toshe inji. Zafin bazara na ƙona shi. Aradu ɗaya da damina na iya lalata kome. Mai gyara kuma sai an biya mashi kuɗin mota da na aiki. Nan ne gidan rediyon karkara ke yin shiru: an samu kaya, ba a tanadi kuɗin gyara ba.

Ga lissafi. A ce gidaje 300 sun yarda, kowane gida ya ba da dala 20 a wata. An tara jika 30 ke nan. A shekara jika 360. A ƙara da kuɗin gaisuwa da na sanarwa. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita cikin littafi, a karanta ma jama'a. Wannan aikin waɗanda suka yi yaƙi da jahilci ne.

Gargaɗi

Ba a watsa murya sai da izini. Ko injinka ƙarami ne, hukumar sadarwa ta ƙasa a Yamai ce ke ba da takarda da lambar zango. Wanda ya kunna ba izini ya taka doka, kuma yana iya shiga cikin muryar wani gidan.

To jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin da ke son rediyonsa, ya fara da kwamiti da asusu, sa'an nan ya nemi izini. Sayen inji shi ne na ƙarshe. Ku tattauna wannan a ajinku, ku rubuto mana ra'ayinku.