Ina A da B Suka Shiga?

Duk mai amfani da kwamfuta mai Windows ya san harafin C, sunan babban faifan ajiya. Ka soka filashi, ta kira shi D ko E. To ina A? Ina B? Tambayar nan ta daɗe tana cina a rai, har sai da na bi sawu.

A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur, mai aiki da DOS na Microsoft. Babu babban faifai a cikinta. Baki take da shi, ɗaya ko biyu, inda ake zura wani faifai mai laushi, faɗinsa inci biyar da kwata. Bakin farko A, na biyu B. Wannan tsarin sa haruffa kuwa DOS ya gado ne daga CP/M, tsarin Gary Kildall.

Ga inda abin ya ba ni dariya. Ko da baki ɗaya kwamfutarka take da shi, DOS ba ya sakin B. In za ka kwafi abu daga faifai zuwa faifai, sai ya ce cire wannan, sa wancan. Ka cire, ka sa, ka cire, ka sa. Baki ɗaya, suna biyu!

Sai a 1983 samfurin XT na IBM ya zo da babban faifai mai cin megabait 10, abin da hotuna kaɗan na wayar yau za su cika. Ya iso ya tarar an riga an kama kujerun gaba, ya zauna a C. Yau sama da shekara 40, masu kujerun sun kau, shi kuma bai matsa ba.

Masu gyara kan raba faifai gida biyu, C na Windows, D na takardunka, don in an goge C kayanka su tsira. Dabara ce mai kyau, amma fa faifan ɗaya ne. Ranar da ya mutu, da C da D tare za su tafi. Linux kuma ba ruwansa da wannan tsari: faifan farko yakan zama sda, ka rataya shi a jakar da ka ga dama.