TAYAR SAFAYA KO KAYAN FACI: WANNE YA FI MANA?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yawancinmu ba mu da mota. Amma duk muna shiga mota. Ita ke kai albasar Galmi kasuwa. Ita ke ɗaukar raguna zuwa Damagaram ran Alhamis. In haihuwa ta gardama cikin dare, ita ake nema ta kai mace gidan likita. Ranar da taya ta fashe tsakanin Dakwaro da Maraɗi, mai kaya da marar lafiya su ke zama gindin itace suna jira. Don haka zancen taya ya shafe mu duka.

Ga abin da ya kawo maganar. A da, kowace mota da taya biyar take zuwa. Huɗu na ƙasa, ɗaya na ajiye. Ta ajiyen ita ce safaya. Haka Peugeot 404 take, haka Land Rover take. Yanzu masu ƙera motoci a Turai sun daina sa safaya cikin ƙananan motoci da yawa. Sun ce tana da nauyi, ita da jak sun kai kilo 15 ko 20. Sun ce nauyi na ƙara shan mai, kuma tana cin wurin kaya. A madadinta sai su sa wani ɗan akwati na faci. Motocin nan, in sun sha aiki can, su ake sayowa a kawo ƙasarmu. Mutum ya sayi mota a Yamai, ya buɗe baya, ya ɗaga shimfiɗa, ya tarar ba taya, sai akwati. Ƙungiyar manoma da ta tara kuɗi don sayen mota, ita ma tana iya gamuwa da haka.

ME KE CIKIN AKWATIN?

Abu biyu ne. Akwai kwalbar ruwan danƙo. Akwai ƙaramin injin hura iska, wanda ake jona ma wutar mota. In ƙusa ta huda taya, sai a haɗa kwalbar da bakin iska, injin ya tura danƙo da iska ciki. Daga nan a tuƙa mota kamar minti 10, danƙon ya zagaya ya toshe hudar. Sai a tsaya a sake auna iska. Ba a ɗaga mota, ba a kwance noti, hannu ba ya ɓaci. Tsoho ma na iya yi.

Abin na da kyau, amma yana da iyaka. Danƙon ba ya toshe hudar da ta wuce milimita 4 zuwa 6. Milimita 4 kamar ƙwayar dawa ke nan. Kuma sai in hudar na kan tafin taya, wato inda take taka ƙasa. In gefe ne ya tsage, ko an zuba kwalba goma zubewa za ta yi. Bayan an zuba shi ba a wuce gudun kilomita 80 a awa, kuma dole a nemi mai gyara ya buɗe tayar, ya wanke, ya yi faci na sosai. Kwalba ɗaya taya ɗaya take yi, sau ɗaya. Sannan danƙon na tsufa. Jikin kwalbar an rubuta watan da zai lalace, yawanci bayan shekara huɗu. Motar da ta shekara goma a Turai kafin ta iso nan, ku yi lissafi da kanku. Ga zafin watan Afrilu, da ke wuce digiri 40 a Tawa, balle cikin rufaffen bayan mota.

An yi akwatin nan don ƙasashen da ko'ina kwalta ce, kuma in mota ta tsaya sai a buga waya a zo a ja ta. Mu duba tamu hanya.

HANYOYINMU

Babbar kwalta ta tashi daga Yamai, ta bi Dosso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, har Difa. Kanta, kusan kowane babban gari akwai mai faci bakin hanya. Amma garuruwanmu nawa ne ke bakin kwalta? Sauran duk jar hanya ce mai gargada, ko turbar rairayi tsakanin gonaki.

Kan turba ba ƙusa ke kashe taya ba. Ƙayar aduwa na nan, doguwa kamar yatsa, mai tauri. Farar ƙaya na nan, da ta bagaruwa, da ta kandili can arewa. Wanda ya fi su duka ɓarna shi ne kututture. Mun sassabe sabara da geza, mun bar tushe mai tsini, rairayi ya rufe shi. Direba kuma, in zai shiga rairayi, yakan sassauta iska don kada mota ta kafe. Dabara ce mai kyau. Amma taya mai ƙarancin iska takan yi tumbi, gefenta ya fito waje. Gefen nan shi ne wuri mafi laushi a jikin taya. Kututture ya same shi, ya farke shi kamar an sa wuƙa. Duwatsun dagwalon Adar ma haka suke yi. Irin wannan fashewa, ba ta da magani sai wata taya.

Akwai kayan faci na biyu, wanda ya fi kwalba amfani a wajenmu. Amma sai an san taya iri biyu ce. Akwai mai tub, wato robar ciki da ke riƙe iska. Akwai tubles, marar tub, wadda ta yaɗu tun shekarun 1950, kuma ita ce ƙarƙashin yawancin motocin yau. Ita tubles ana toshe ta da wata igiyar roba mai danƙo, kamar lagwanin fitila. A cire ƙusar ko ƙayar, a gyara hudar da tsinken ƙarfe, a zura lagwani cikin basilla, a cusa, a zare basillar, a yanke abin da ya yi saura. A hura iska, a tofa yawu a ga ko yana kumfa. Shi ke nan. Kayan ba su da tsada, ba su da nauyi, kuma fakiti ɗaya na toshe huda da yawa. Amma shi ma lagwani tafin taya kaɗai yake yi. Ba a sa shi a gefe. Wanda ya cusa lagwani uku a gefen taya ya ɗauki mutane goma sha tara, da ransu yake wasa.

Ni a ganina, in dole sai an zaɓi ɗaya, motar da ke shiga ƙauye safaya za ta ɗauka. Wanda ya sayi mota mai akwati, kafin ya bar birni ya sayi taya da ƙarfenta, da jak, da sufanar kwance noti. Bayan haka ya ƙara da lagwani da famfo, don ƙaya ba ta san an riga an sa safaya ba. Masu bin hanyoyin arewa, bayan Tanut ko Abalak, safaya biyu suke ɗaurawa, kuma ba don ado ba.

SAFAYA MA SAI AN DUBA TA

Sau nawa muka ga haka? Taya ta fashe, yaron mota ya sauko da safaya, ashe ita ma ba iska. Ko ta suɗe ƙwal kamar tafin hannu, waya ta fito. Taya na rage iska ko tana ajiye. A riƙa auna ta kowane wata.

Nan ne karatun da muka koya zai yi mana rana, don taya na da rubutu a gefenta. Za ku ga lambobi kamar haka: 185/65 R15. Lambar ƙarshe, 15, ita ce girman ƙarfen da tayar ke shiga. Lambobin safaya su zama daidai da na sauran huɗun. A ƙirga ramukan noti kuma. Wata mota huɗu gare ta, wata biyar, Hilux mai shiga daji shida. In ramuka ba su dace ba, safaya ta zama kayan nauyi kawai.

Ku ƙara neman haruffa uku, DOT. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Su ke faɗin shekarun taya. In an rubuta 2319, an ƙera ta cikin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin da kansa ya ce tayar da ta kai shekara 10 a canza ta, ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. Roba na bushewa, ta tsattsage kamar fatar da aka bari a rana. Tsofaffin tayoyin da ake sayarwa a kasuwa, ku karanta lambar kafin ku yi ciniki. Raguna ma sai an buɗe baki an ga haƙora.

Wata safaya kuma siririya ce, kamar ta babur. An yi ta don ta kai mota wurin gyara kawai, ba a wuce 80 da ita. Cikin rairayi nutsewa take yi. Kada a amince da ita a motar kaya.

Jak, wanda direbobinmu ke ce ma kirik, shi ma nutsewa yake cikin rairayi. A ajiye guntun katako mai faɗi don a ɗora shi. Kafin a ɗaga mota, kowa ya sauka, a tare ƙafafu da dutse, a sassauta noti tun tana ƙasa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta, ko inuwa yake nema. In an yi tafiyar kilomita 50 a tsaya a ƙara ɗaure noti.

AMALANKE FA?

To, nan magana ta juya. Amalankenmu na shanu da na jakai tayar mota ke ƙarƙashinsu, yawanci mai tub. Ba su gudu, ba su nisa da gida, kuma kuɗin taya ta uku da ƙarfenta ya fi ƙarfin talaka. Mai amalanke kayan faci suka kamace shi: ƙarfe biyu na ɓanɓare taya, gam, faci, da famfo. Famfo ɗaya na isar mutum biyar in sun haɗa kuɗi.

A fitar da tub, a hura, a tsoma cikin kwanon ruwa, inda ya yi kumfa nan ce hudar. A shanya, a kankare wurin ya yi kaushi, a shafa gam. A jira gam ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a manna faci a danne sosai. Gaggawa nan ke ɓata aiki. Kafin a mai da tub, a zura hannu cikin tayar a shafa a hankali ko'ina. Ƙayar na nan maƙale, in ba a cire ta ba gobe ma za ta sake hudawa.

Saura mu fasinja. In za ka yi shatar mota don kai marar lafiya, ko don kwasar amfanin gona, kana da ikon ka ce ma direba: «Malam, ina safayarka?» Ka gan ta da idonka, ka danna ta da ƙafa, ka tambayi jak da famfo. Direban kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. In ya ce ai ya bar ta wurin mai faci, kuma akwai wata mota a tasha, ka shiga waccan.