Hasashen magoya bayan Pillars da lissafin makin waje

Duk lokacin da kakar wasa ta ƙarato, majalisun cikin birni, daga Ƙofar Mata zuwa Mandawari da Yakasai, sukan koma zauren hasashe. Ana kurɓar shayi ana rantsuwa cewa bana kofi na Kano Pillars ne, muddin aka sayo ɗan gaba mai cin ƙwallo. Wannan fata tana da tushe. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ɗauki gasar Firimiya ta Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Sai dai a ganina masu hasashen suna neman magani inda ba nan ciwon yake ba.

Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, wato wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Ko da Pillars ta cinye duka wasanninta 19 a filin Sani Abacha, maki 57 kawai za ta tara, alhali Rangers ta Enugu da maki 70 ta ɗauki kofin a 2024. Ragowar sai an je an ƙwato su a Aba, Ibadan, Fatakwal da Ikenne, bayan doguwar tafiya a mota, gaban 'yan kallon da ba sa ƙaunarka. A irin wannan wasa canjaras ma riba ce, kuma masu kawo ta su ne gola mai natsuwa, 'yan baya biyu da suka saba da juna, da ɗan tsakiya mai huhu wanda zai yi ta tare hanya har minti 90. Waɗannan su ne guraben da ba a cika jin sunansu a majalisa ba.

Za a ce ai manyan sunaye ne ke cika fili, kuma gaskiya ne. Dawowar Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin ya tafi Turai, ta dawo da jama'a filin Sani Abacha, Rabi'u Ali Pele kuwa ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo. Amma gogaggen ɗan wasa yana buƙatar matasan da za su yi masa gudu, kuma kuɗin gwamnatin jiha da ƙungiyar ke dogaro da shi yana da iyaka. Abin da aka kashe wa suna ɗaya zai iya ɗaukar 'yan baya uku daga cikin yaran da ke buga gasar unguwanni.

Wasu kuma za su ce gida ya isa, tunda Pillars, wadda ake wa kirari da Sai Masu Gida, ta yi shekara 12 ba a doke ta a Kano ba a gasar Firimiya, har Nasarawa United ta karya lagon a 2015. To, gidan ma ba tabbas ba ne. A 2022, bayan hargitsin wasa da Katsina United, an cire wa ƙungiyar maki aka mayar da wasanninta Abuja, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, sai 2023 ta dawo. Ƙungiyar da ta iya wasa a bakin ƙofarta kaɗai, ranar da aka raba ta da filin ba ta da abin kamawa.