Gasasshen makaroni da awarar madara: yadda muka haɗa shi a Kauru ba tare da cukun kanti ba

Ni ɗan falken shanu ne. Babana ya daɗe yana sayen shanu a kasuwar Mariri da rugagen da ke kewaye da mu yana lodawa zuwa Legas, kuma tun da na gama sakandare nake bin mota a madadinsa idan jiki ya ƙi.

A irin wannan tafiya ne wani abokin cinikinmu a Agege ya gayyace mu walimar suna. Aka kawo wani makaroni da aka gasa a faranti mai zurfi, samansa ya yi ja, cikinsa ga laushi ga maiƙo. Na tambaya, aka ce cukun kanti aka sa, irin wanda ake shigowa da shi daga waje. Da na leƙa kanti na ga kuɗin ɗan yanki guda, sai na lallaɓa na mayar da shi inda na ɗauko. Na ce a raina, mu da muke kwana muna tashi cikin shanu, a ce sai an tsallako teku da cuku kafin mu ci wannan abinci?

Cukunmu na gida shi ne awarar madara. Yarbawa na kiranta wara, a Benin da zangunan Gana kuma wagashi. Kar a haɗa ta da awarar waken suya, wannan daban. Matan Fulani ne ke yin ta: a ɗora sabuwar madarar shanu a wuta, a daka ganyen tumfafiya a tace ruwansa a zuba kaɗan, madarar ta tsinke, a bar ta ta tafasa, a kwashe a zuba a ɗan kwando ruwan ya tsiyaye. Kusan lita 5 na madara ke ba da kilo 1. Farar saniyarmu ta Bunaji kuwa abin da ake tatsa a rana ba ya cika wuce lita 1 zuwa 2, shi ya sa awarar ke araha da damina, ta yi tsada da rani. Ku da ke Ilori da Ogbomosho da Ibadan ma kun fi mu samunta a bakin titi. Abu ɗaya: in ba ka iya ba, kar ka ce za ka haɗa da kanka, domin ƙaron tumfafiya yana illa, musamman in ya shiga ido. Ka saya wajen waɗanda suka gaji sana'ar.

Gwajina na farko kunya na sha. Na dafa makaroni, na yayyanka awara a kai, na gasa, ina jiran ta narke ta yi yauƙi kamar ta Agege. Ina! Ta bushe ta yi tauri, makaronin ƙasa ya kama. Ƙannena suka yi ta dariya. Inna ba ta yi dariya ba, cewa ta yi, “Kai yanzu kuɗin cefanen kwana biyu ka ƙona mana?” Maganar ta tsaya min a rai, don ta yi gaskiya.

Daga baya na gane dalili. Awarar madara ba ta narkewa. Tafasawar da ake yi mata wajen haɗawa ita ke ɗaure ta, don haka ko a mai ka jefa ta soyuwa za ta yi, ba za ta zube ba. To, tunda ba za ta ba da laushi ba, sai a nemo laushin a wani wuri, ita kuma a bar ta ta ba da ɗanɗano da abin taunawa. Laushin nan daga farar miya yake fitowa, ta madara da fulawa da man shanu.

Ga abin da muka sa don mutum 8: makaroni leda 1 mai giram 500, awarar madara rabin kilo, madarar shanu lita 1, man shanu cokali 3, fulawa cokali 3, ƙwai 2, niƙaƙƙen nama rabin kilo, albasa 2, tumatir 4, tattasai 2, attaruhu gwargwadon bakin gida, tafarnuwa, citta, gishiri da dunƙulen ɗanɗano. In babu madarar shanu, a dama ta gari, tana yi. Amma kar a sa kindirmo ko nono mai tsami, yana jin wuta zai tsinke. Taliya 'yar murji ma a bar ta da manjanta da yajinta, ta cika laushi, caɓewa za ta yi.

Da farko a tafasa madarar sosai a ajiye. Wannan ba wasa ba ne, ɗanyar madara na iya ɗauke da cutar da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, har da tarin fuka. Ita ma awarar a sake tafasa ta minti 5 a ruwan gishiri, a tsane. A shinshina ta kafin a saya: in tana tsami ko tana santsi a hannu, ta kwana da yawa, don ba ta wuce kwana 2 zuwa 3 in babu firji.

Sai a dafa makaroni a ruwan gishiri minti 6 ko 7 kawai, a sauke da sauran ƙarfinsa, domin zai ƙarasa nuna wajen gashi. A soya albasa da nama da kayan miya har ruwan ya tsotse, ya zama miya mai kauri.

Farar miyar ita ce ke son natsuwa. A narka man shanu a wuta kaɗan, a zuba fulawa, a juya minti 2 don garin ya daina ƙarni. Sai a riƙa zuba madara kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tsayawa, kamar mai dama koko, har ta yi kaurin kunun gyaɗa. A sauke, a bar ta ta sha iska, sannan a fasa ƙwai a ciki. In ka sa ƙwai tana da zafi, wainar ƙwai za ka gani. A marmashe rabin awarar da hannu a zuba, a sa gishiri, a juye makaronin a ciki a gauraya.

A shafa man shanu a kwanon silba mai zurfi. Rabin makaroni a ƙasa, miyar nama a tsakiya, sauran makaronin a sama. Ragowar awarar a yanka ta falle-falle a jera a kai, a shafa mata man shanu, shi ne zai sa ta yi ja maimakon ta bushe.

Mai tandar lantarki ko ta gas ya sa a 180, minti 25 zuwa 30. Mu a gida dabarar masu gasa kek muka bi. A sa yashi mai kaurin yatsa biyu a babbar tukunya, a rufe a ɗora kan gawayi minti 10 ta yi zafi. A jera ƙananan duwatsu uku, a ɗora kwanon a kai, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin. Wutar sama ta fi ta ƙasa yawa, kuskurena na farko ke nan. Minti 35 zuwa 40 ya isa, kuma a daina yawan buɗewa. In an sauke a ba shi minti 15 ya kama jikinsa, sannan zai yanku kamar alkaki.

Gwaji na biyu na yi shi ranar da Baba ya dawo daga Legas bayan sati uku, ga ƙannensa biyu sun zo cin abincin dare. Inna ta dafa tuwon masara ta ajiye gefe, wai ko da tsiya. Ƙanwata ce ta riƙe min wuta, ni ina kan juya miya, gabana na faɗuwa. Baba ya ci loma biyu bai ce komai ba, sannan ya ɗago ya ce, “Wannan farin abin na wace ruga ne?” Na faɗa masa. Ya ce gobe in na je a ƙaro, kuma a biya matar yadda ta faɗa, kar a yi mata ciniki. Tuwon nan sai ɗumame muka yi da shi da safe.

Gaskiya ba ya yauƙi kamar na Agege, kar in yi muku ƙarya. Amma ya fi shi ƙamshin man shanu, kuma kuɗin ya tsaya a hannun mai tallar da muka sani. Wanda ya gwada da wara ta Ilori ko busasshen cukun Nijar, ina so in ji yadda ta kaya. Allah ya ba da sa'a, ya kuma kai masu hanya gida lafiya.